Zan kai iyali bakin ruwan Tiga mu huta, wa ya je kwanan nan?

Baban Walid:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Rabona da hutu tun ƙaramar salla, daga Kantin Kwari sai gida, daga gida sai Kwari. Abin ya kai ko barci nake sai in riƙa jin hon ɗin 'yan adaidaita a kunnena. Yara sun samu hutun ƙarshen shekara, uwarsu ta ce in kai su ko'ina ne, in dai babu ƙarar janareta. Sai na tuna muna firamare an taɓa kai mu Tiga a motar makaranta. Abin da na riƙe kawai shi ne ruwa iya ganin ido, da wani mutum mai gasa kifi a kan waya. An fi shekara talatin. Mu shida ne: ni, uwargida, yara uku da ƙanwarta. Asabar mai zuwa muke so. Wanda ya je kwanan nan ya taimaka min da bayanin hanya da abin da zan riƙe.

Direban Zariya:
Wa alaikumus salam Alhaji. Su Kanawa an gaji da ƙirga kuɗi ke nan, za a tafi kallon ruwa. Hanya ba ta da wuya. Ka ɗauki titin Zariya daga Na'ibawa, ka haye gadar Tamburawa, ka wuce Kura, Kadawa, Ciromawa. Wajen Bagauda za ka sauka daga babban titi ka ratse hagu. Duka-duka kamar kilomita 70 ne daga cikin gari. Ka cika tanki tun daga Kano, ka duba safayar taya. Kuma kada magariba ta riske ka a ƙaramar hanyar, saboda shanu da masu babur marasa fitila.

Baban Walid:
Bazazzagi yau ka yi rana. Allah ya saka.

Maman Ilham:
Baban Walid, ka ce wa maiɗakinka ta karanta wannan da kanta, don maza ba sa tuna irin waɗannan abubuwa.

Mun je bara, amma mun yi kuskuren lokaci, cikin bazara muka je, wajen watan huɗu. Ruwa ya ja baya sosai, tsakanin inda mota ta tsaya da bakin ruwan akwai tafiya a kan busasshen laka mai tsattsagewa, ga rana kamar za ta fasa kai. Maigidana ya hango wata bishiya mai inuwa a wani wuri shimfiɗaɗɗe, ya ce nan ne. Ba mu tambayi kowa ba. Muka baza darduma, na buɗe kular shinkafa, yara sun fara ci ke nan sai muka ji ƙasa tana amsawa. Ashe mashayar shanu muka zauna a kai. Garke guda, wani ɗan Fulani da bai wuce shekara goma sha biyu ba yana bayansu da sanda a wuya, yana kallonmu kamar mu ne abin kallon. Kuma mu ne ɗin. Da gudu muka kwashe kaya, wata saniya ta taka min murfin kula, har yau yana nan a lanƙwashe.

Wannan abin dariya ne. Wanda ba na dariya ba shi ne banɗaki. Namiji zai zagaya bayan dutse, mu fa? Ga alwala, ga salla. Wata baiwar Allah da ta zo ɗiban ruwa ce ta ga halin da muke ciki, ta ce mu biyo ta. Ta kai mu gidanta, ta ba mu buta da tabarma, muka yi azahar, ta dama mana fura. Da zan tafi na miƙa mata kuɗi, ta ɓata rai ta ce ita ba sayar min ta yi ba. Kunya ta ishe ni. Da na sani da sabulu na riƙo ko atamfa, ko da ɗan sukari da ganyen shayi ne. To ku riƙe irin wannan.

Mai Kyamara:
Kun ji irinta ko? Wannan shi ne abin da yake ƙona min rai. Wuri kamar Tiga a ce babu banɗaki, babu rumfar zama, babu ko allon da zai nuna maka nan ne wurin baƙi. Da a wata ƙasa yake da tuni an kewaye shi, an sa ƙofa da tikiti, an zuba jiragen shaƙatawa da wuraren cin abinci, matasa ɗaruruwa sun samu aiki. Mu kuwa an bar shi ga shanu. Gaskiya Bahaushe bai iya hutu ba, shugabanninmu kuma ba su san kuɗin da ke kwance a wurin ba. Na je sau uku ɗaukar hoto, duk wanda ya ga hotunan sai ya ce wai ba Kano ba ce.

Ɗan Masunta:
Yayana Mai Kyamara, da ban yi niyyar magana ba, amma ka taɓo gidanmu. A ɗaya daga ƙauyukan bakin dam ɗin aka haife ni, aiki ne ya kawo ni birni.

Ka ce an bar shi ga shanu. To shanun ina za su sha? Wurin da kake gani fili ne kawai, kowane taku nasa da mai shi. Akwai mashaya, inda Maman Ilham ta zauna. Akwai inda jirage suke tsayawa a sauke kifi da safe, dillalai na jira. Akwai inda ake shanya kalli a ɗinke inda ya yage. Akwai gefen da mata suke wanki da wanka, wanda ko mu 'yan garin, namiji baligi ba ya bi ta nan. In ruwa ya ja baya, wannan lakar da take ba ku haushi gona ce, mutane suna bin ruwan suna shuka a danshinsa. Babu allo saboda mu ba ma buƙatar allo, kowa ya sani tun yana goye.

Idan aka kewaye aka sa tikiti, wa zai kasance a cikin katanga, wa zai kasance a waje? An taɓa yi mana irin wannan sau ɗaya. Gonar kakana da kushewar iyayensa suna ƙarƙashin ruwan da kake ɗauka a hoto. Lokacin da dam ya cika an tashi garuruwa, aka mayar da su tudu. Kakana manomi ne, bai taɓa riƙe filafili ba sai da ya manyanta, wani Basarke baƙo ne ya koya masa su don ya ciyar da gida. Ba ƙorafi nake ba, ruwan ya yi wa Kano amfanin da ba ya misaltuwa. Ina dai so in ka tsaya a bakinsa ka san gidan mutane ka shigo. Baƙo ba sallama, ka san abin da Hausawa suka ce.

Mai Kyamara:
Ɗan'uwa ban ce a kori kowa ba. Cewa na yi a tsara.

Ɗan Masunta:
Na ji. Mai tsarawar ne ban taɓa ganin ya zo ya zauna da Sarkin Ruwa ba.

Tsohon Injiniya:
Yara, ku bari tsoho ya sa baki. Na yi aikin ruwa shekara talatin da ɗoriya kafin in ajiye, kuma na sha kwana a wannan yanki.

Ba don shaƙatawa aka gina Tiga ba, wannan shi ne abin da ya kamata ku fara riƙewa. Zamanin Gwamna Audu Baƙo ne, wanda ya mulki jihar Kano daga 1967 zuwa 1975. An fara da Bagauda, ƙarami, a 1970. Sannan aka shiga Tiga daga 1971 aka gama a 1974, daidai shekarun da fari ya gasa ƙasar nan, dabbobi suka yi ta faɗuwa. Kogin Kano aka tare, wanda yake gangarowa daga duwatsun kudu, wajen Riruwai. Bangon na ƙasa ne, tsawonsa kusan kilomita 6, tsayinsa mita 48 a inda ya fi zurfi. Yadda aka zana shi, yana ɗaukar ruwa kusan kubik mita biliyan 2. A watan Agustan 1988 dam ɗin Bagauda ya ɓalle, aka yi asara mai yawa, hankalin kowa ya tashi. Shi ya sa a 1992 aka rage tsayin mazubar Tiga, wato inda ruwa yake malala in dam ya cika, da mita uku da rabi, don kada ruwa ya riƙa taruwa har ya matsa wa bango.

Daga nan babban kanal yake ɗaukar ruwa ya bi ta Ruwan Kanya, ya rarrabu zuwa gonakin Bunkure, Garun Malam, Kadawa da Kura. Shinkafar Kura da kuke ci, da tumatirin Kwanar Gafan da ake lodawa zuwa Legas, da alkamar hunturu, duk wannan ruwan ne. Ruwan da aka saki ya bi kogi kuma, shi ake tacewa a Tamburawa ya shigo famfunan birni. Yanzu hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are ce take kula da shi.

Audu Baƙo ya yi tunanin baƙi ma, kada a ce bai yi ba. Otal ɗin Rock Castle a kan dutse yana kallon ruwan, da otal ɗin Bagauda wanda yanzu ya zama makarantar horar da lauyoyi, duk tunanin wancan zamani ne. Na sha shayi a saman dutsen nan da yamma ina saurayi, iska tana kaɗawa, jiragen masunta ƙanana kamar ƙudaje a kan faranti. Amma shaƙatawar ƙari ce a kan tuwo.

Baban Walid, shawarata: kada ka zura mota kai tsaye. Ka tsaya a kan hanya wajen Kadawa ka fito da yaran su ga kanal da yadda ake buɗe ƙofar ruwa ya shiga gona. Yanzu alkama tana kore shar. In suka ga wannan tukuna, sa'annan suka ga dam ɗin, za su gane abin da suke kallo. Kuma kusa da bango da mazuba da wurin injin wuta akwai masu gadi, in sun ce nan ba a shiga, to ba a shiga.

Bahaɗeje:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma ka faɗi rabi ka bar rabi. Ruwan da kuka tare namu ne. Kogin Kano da na Challawa in sun haɗu su ne kogin Haɗeja. Da can ambaliyar damina ce take shimfiɗuwa a fadamun Haɗeja zuwa Nguru, a yi shinkafa, a kama kifi, in ruwa ya janye a yi noman rani, makiyaya su samu ciyawa. Da aka yi Tiga, aka ƙara da dam ɗin Challawa a Ƙaraye a 1992, ambaliyar ta ragu, ruwa kuma ya koma zuwa kaɗan-kaɗan duk shekara. Wannan ne abincin ciyawar kacalla. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki, tsuntsayen jan baki suka samu gidan kwana suna cinye mana gero da shinkafa. Ku je ku huta lafiya, amma in kun ɗaga kofin shayi ku tuna da mu.

Tsohon Injiniya:
Gaskiyarka ɗana. Ba ni da abin musu a nan. Lokacin da ake zana waɗannan ayyuka idon kowa yana kan gonar da za a ba ruwa, ba a kan fadamar da za a hana ba.

Shugaban Zaure:
Jama'a a dawo kan hanya. Bawan Allah tambaya ya yi ina zai shimfiɗa tabarma, kun kai mu har Nguru.

Anti Nas:
To ni ga tawa, kuma ita ce ta sa na ajiye abin da nake yi. Baban Walid, yaranka za su ga ruwa, za su ce sai sun shiga. Kada ka bari. Ba nutsewa kaɗai nake ji ba, tsargiya nake ji.

Na yi aiki a asibitin karkara a yankin noman rani, na ga yara maza da yawa masu fitsarin jini, har wasu iyaye suna ɗauka alamar balaga ce. Ciwo ne. Ƙwayar cutar tana rayuwa a jikin wasu ƙananan dodon koɗi da suke maƙale a ciyawar bakin ruwa, musamman inda ruwa yake kwance ko yake tafiya a hankali, kamar gefen kanal da bakin dam. Tana fitowa ta shiga ta fatar mutum. Ba sai an sha ba, tsoma ƙafa ma ya isa. Kuma ba a ranar za ka gani ba, sai bayan makonni, wani lokaci wata biyu ko uku, lokacin kowa ya manta an je Tiga. In aka bar ta shekara da shekaru tana lalata mafitsara da ƙoda, mata kuma tana taɓa musu mahaifa. Akwai magani, praziquantel, shi ake rabawa a makarantu, kuma yana aiki. Amma me ya kai ka?

Ku tafi da jarkar ruwanku ta alwala da wanke hannu. In wani ya faɗa ko ya jiƙe, a goge masa jiki da tawul nan take, sannan a sa ido, in an ga jini a ƙarshen fitsari a je a gwada.

Direban Zariya:
Anti, mu da aka ce mana 'yan ruwa ne suke jan ƙafar baƙo, ashe dodon koɗi ne.

Anti Nas:
Wanda ya fi ba ka tsoro a cikin biyun shi za ka riƙe, in dai zai hana ka shiga.

Ɗan Masunta:
Direba kada ka yi wasa da wannan, tsofaffinmu suna da wuraren da ba sa bari a je, kuma in ka bincika za ka tarar ko rami ne, ko tsohuwar hanyar kogi, ko kututturan bishiyoyin da ruwa ya shanye. Bakin dam ba kamar bakin rafi ba ne. Kana tafiya ruwa iya gwiwa, taku ɗaya sai ka ji babu ƙasa. Yawancin waɗanda ake tsamowa 'yan birni ne samari, waɗanda suka koyi iyo a kududdufi.

Tunda maganar jirgi za ta zo, bari in riga ta. Shiga kwale-kwale da safe yana da daɗi, ba zan hana ku ba. Amma yanzu hunturu ne, in rana ta ɗaga iska tana tashi, ruwan yana yin igiya sosai. Ku shiga kafin ƙarfe goma, ku bi gefe, kada ku ce sai kun tsallaka. Kada ku shiga ku shida a jirgi ɗaya, a yi sawu biyu. Ka duba cikin jirgin, in ka ga yaro zaune da ƙwarya yana kwalfar ruwa tun ba a tashi ba, ka ce ka fasa. Kowa ya zauna a ƙasa, ba mai miƙewa don hoto. In za ka iya samun rigar ruwa a Kano ka saya wa yaran, kada ka sa ran samu a can. Ba mu manta da Bagwai ba: ranar 30 ga Nuwamban 2021 jirgi ya taso daga Badau a dam ɗin Watari, an cika shi fiye da ƙima, yawanci yaran Islamiyya masu zuwa Mauludi, ya kife, mutum 29 aka tabbatar sun rasu. Allah ya ji ƙansu.

Maman Ilham:
Amin. Ni tun daga ranar ban ƙara sha'awar jirgi ba.

Baban Walid:
Amin ya Allah. Kun fara tsorata ni fa. Ƙanwar maiɗakina ma tana tambaya, wai ba nan ne kusa da dajin Falgore ba?

Direban Zariya:
Falgore yana can kudu, kan hanyar Jos, bayan Tudun Wada. Kogin ta cikinsa yake biyowa kafin ya zubo dam, amma kai ba can za ka ba, gefen Tiga gari ne da mutane da kasuwa. Duk da haka zamanin nan ba a rantsuwa a kan hanya. Ka kira wani na can ranar Juma'a da dare ka ji labari, ka je da rana ka dawo da rana. Maganar kwana da iyali ka ajiye ta sai ka ga wuri da idonka.

Malam na Zaure:
Wani ya tambaye ni ta gefe ko za su yi ƙasaru. A mazhabarmu ta Malikiyya tafiyar ƙasaru barid huɗu ce, mil 48, wato sama da kilomita 80. Tiga ba ta kai ba. Ku cika sallarku, kuma ku yi ta a masallacin garin, nan ne ma za ku san mutane.

Mai Kyamara:
Ɗan Masunta, na karanta duk abin da ka rubuta, kuma na karɓi maganar katanga. Amma ka duba abin da ya fito daga bakinku da kanku: babu rigar ruwa, babu banɗaki, babu mai gaya wa baƙo ga rami ga mashaya. Wannan ai shi nake cewa. In ba gwamnati ba, me zai hana matasan garinku su haɗa kai, su kafa rumfa biyu, su haƙa masai, su sayi riguna goma, duk wanda ya zo ya biya wani abu? Kuɗin yana shiga aljihunku, ba na wani ɗan kwangila ba. Ai ya fi a ce baƙo ya zo ya tafi, abin da ya bari kawai ledar ruwa da robar lemo.

Ɗan Masunta:
Wannan kuma magana ce, ba zan ƙi ta ba. An taɓa gwada irinta a wani gari kusa da mu, rabon kuɗi ya watsa ta kafin shekara. Amma ana iya sake gwadawa.

Sai dai tunda kai mai hoto ne bari in gaya maka abin da ya fi leda ɓata mana rai. Shekara biyu da suka wuce wasu samari suka zo da mota, suka tsaya daga nesa suna ɗaukar gefen da mata suke wanki. Bayan kwana kaɗan sai ga bidiyon a TikTok an ɗora masa kiɗa, wai rayuwar ƙauye mai daɗi. A ciki akwai matar yayana, zaninta a jiƙe, ɗaurin ƙirji. Wani ɗan garinmu da yake aiki a Abuja ne ya gani ya turo. Ka san abin da wannan yake nufi a gidan aure a ƙauye? Wata guda ba ta fita ba. Tun daga nan in aka ga baƙo ya ɗaga waya sai fuskoki su canza. Su samarin na tabbata ba su ma san sun yi wani abu ba.

Mai Kyamara:
Subhanallahi. Wallahi ni ruwa da tsuntsaye da faɗuwar rana nake ɗauka. Amma ba zan yi ƙarya ba, na taɓa ɗaukar wani dattijo yana jefa birgi ban tambaye shi ba, hoton ma yana shafina.

Ɗan Masunta:
In ka sake zuwa ka wanko masa shi a kati ka kai masa. Zai yi murna ya rataye a zaure. Tambayar ce kawai ake so.

Baban Walid, ga yadda za ka yi. In ka isa, ka ajiye mota inda ake ajiyewa, ka nemi dattijan da ke zaune wajen jirage, ka yi sallama, ka ce kai baƙo ne ka kawo iyali ganin ruwa, ina ya dace ku zauna. Ka riƙe goro. Za su haɗa ka da yaro ya nuna maka wuri, shi zai samo maka mai jirgin kirki, kuma matan za su samu gidan da za su shiga. In za ku tafi ka sallami yaron. Kifi kuma ka saya da safe a bakin jirgi: karfasa ta fi yawa, akwai tarwaɗa, akwai ƙurungu, in ka yi sa'a ka samu ragon ruwa. Ka ɗaga marfin kunnen ka ga ja ne, idon kuma bai dushe ba. Ka yi ciniki, ba wanda ya hana, amma kada ka yi irin na Kwari, mutumin tun ƙarfe uku na dare yake cikin sanyi.

Baban Walid:
Irin na Kwari kuma? Allah ya shirye ka ƙanena. Na gode ƙwarai, duk na rubuta.

Baban Walid:
Salam jama'a. Alƙawari kaya, mun je mun dawo jiya lafiya.

Mun fita bakwai saura. Na bi maganar Baba Injiniya muka tsaya wajen Kadawa. Hazo ya kwanta a kan gonaki, wani manomi yana tsaye cikin laka da fartanya yana buɗe wa ruwa hanya daga wannan fangali zuwa wancan. Walid ya tambaye shi ina ruwan yake fitowa tunda ba a yi ruwan sama ba, mutumin ya nuna kudu da haɓa ya ce ku bi shi za ku gani. Wannan ya riƙe yaron har muka isa.

Da muka isa na yi yadda Ɗan Masunta ya ce. Dattijai huɗu ne a kan wani kifaffen jirgi, ɗaya yana ɗinkin kalli da zare a baki. Na yi sallama na miƙa goro. Wanda ya karɓa ya juya shi a hannu ya ce, Alhaji kai wa ya koya maka? Na ce wani ɗanku ne a birni. Suka yi dariya, suka kira wani yaro ya kai mu ƙarƙashin wata tsamiya a kan tudu, nesa da mashaya, ana hango ruwan gaba ɗaya. Sanyi fa ba a magana, rigunan sanyin da muka riƙo ba su isa ba, sai da uwargida ta lulluɓe ƙaramar da darduma.

Jirgi ni da Walid kaɗai muka shiga, da rigar ruwan da na samo a Sabon Gari, minti ashirin a gefe-gefe. In mai jirgin ya ɗaga filafili ya bar shi yana ɗiga, babu abin da kake ji sai wannan ɗigar da kukan wani tsuntsu can nesa. Ni da na zo neman shiru, da na same shi sai na rasa yadda zan yi da shi, na laluba aljihu zan ciro waya, na tuna na bar ta a mota.

Anti Nas, ba wanda ya tsoma ƙafa, sai dai an yi kuka a kan haka. Maman Ilham, sabulu da sukarin sun yi aiki, matan sun shiga gidan kakar yaron nan suka yi salla, suka daɗe har na fara aika musu. Sun fito da ƙullin kuka da busasshen kifi, wai tukuici. Karfasa muka saya guda takwas, wata mata ta soya mana huɗu a wurin da ƙuli da yaji, sauran suna firji.

Abin da bai yi daɗi ba: leda. Ƙarƙashin tsamiyar nan kaɗai yara sun tsince buhu guda kafin mu shimfiɗa tabarma, har da kunzugun jarirai. Muka taho da shi a but. Sannan da la'asar wasu matasa suka zo da motoci biyu suka kunna sifika, nan na ce a naɗe tabarma. Biyar da rabi muna Na'ibawa.

Bahaɗeje:
Ka tuna da mu da ka ɗaga kofin?

Baban Walid:
Na tuna, har na gaya wa Walid ruwan nan in ya wuce Wudil wurinku yake zuwa. Yanzu ya ce sai an kai shi ya ga inda ya ƙare.

Bahaɗeje:
Wannan tafiyar ta kai ƙasaru. Ku bari sai watan biyu, lokacin tsuntsayen Turai suna nan a fadama, ku sauka a gidanmu.

Ɗan Masunta:
Yaya, dattijon mai zare a baki, yana da tabo a goshi ta hagu?

Baban Walid:
Yana da shi.

Ɗan Masunta:
Ƙanen babana ne. Ya kira ni da daddare yana faɗa, wai na turo baƙi ban gaya masa ba, da ya ajiye muku ragon ruwa.